Kunnen Aro

Shekara goma sha bakwai ke nan muna koyar da waƙar baka a wannan jami'a, kuma a duk tsawon lokacin nan akwai wata 'yar ƙarya da muke yi wa ɗalibai, su kuma suna karɓa ba musu. Mukan raba musu takarda ɗauke da matanin waƙar Alhaji Mamman Shata ko ta Alhaji Musa Ɗanƙwairo, an tsara ta ɗiya-ɗiya, jagora a sama, 'yan amshi a ƙasa, mu ce musu ga waƙa nan. Inda duk mawaƙi ya yi shiru makaɗa suka karɓi fage, sai mu rubuta kalma ɗaya tak, wato “kiɗa”, mu sa ta cikin baka biyu, mu wuce abinmu. Aikin mutum huɗu na minti biyu, da tsarkiya da makaɗi da gumin goshi, ya koma harafi huɗu. Da wannan dabara muka rubuta kundin digirinmu na uku, kuma cikin waɗanda suka jarraba mu babu wanda ya tuhume mu a kai, don su ma haka suka yi.

Abin da ya tona mana asiri daga cikin gidanmu ya fito. Ɗanmu na fari, wanda bisa al'ada ba ma kama sunansa a baki balle a takarda, ya tashi ne a gidajen ma'aikata, cikin 'ya'yan Yarabawa da Ibo, inda yaro mai kaɗa ganga abin alfahari ne ga iyayensa. A gidan wani maƙwabcinmu, wanda ɗansa ke yi wa majami'arsu kiɗa, ya koyi bugun gangunan Turawa, kuma ya kai shekara biyu yana yi kafin labari ya iso mu. Ranar da muka ji, abin da ya fara fita daga bakinmu shi ne, gidanmu ba a gaji roƙo ba. Uwargida tana tsintar shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, “Malam, ai da kiɗan 'ya'yan wasu ka yi digiri, da shi kuma muke cin tuwo.” Ba mu sami abin cewa ba a ranar, har yau ma ba mu samu ba.

Ga wanda bai taɓa kula da su ba, gangunan nan jeri ne guda wanda mutum ɗaya ke zama a tsakiyarsa. Akwai babbar ganga kwance a ƙasa, wadda ake bugawa da ƙafa. Akwai wata 'yar faffaɗa tsakanin cinyoyi mai zaga ta waya a ƙarƙashinta, ita ce mai ƙarar tsage-tsage. Akwai biyu ko uku na sama da na gefe. Sannan ga fayafayan tagulla, har da wasu tagwaye da ƙafar hagu ke buɗewa da rufewa. A Amurka aka haɗa wannan jeri, kuma abin da ya sa ya zauna daram shi ne fedar da William Ludwig ya fitar a Chicago a 1909, wadda ta ba ƙafa damar yin aikin da mutum guda ke yi a da. Mu a wurinmu kowane abin kiɗa da mai shi: mai kalangu daban, mai kuntuku daban, mai kazagi daban, kowa yana sauraron ɗan'uwansa. Su kuwa sai suka tattara ƙungiya sukutum suka danƙa wa mutum ɗaya. Mun daɗe ba mu gane muhimmancin wannan bambanci ga batun ɗaukar sauti ba, kuma rashin ganewar ya ci mu tara.

A shekarar 2022 malaman jami'a suka shiga yajin aiki, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Ga lokaci an samu, kuɗi kuwa babu. Muka dubi ɗakin yara da ke bayan gida, mai tsawon mita uku da rabi da faɗin mita uku, muka kwashe tarkacen da ke ciki, yaron ya shigar da wasu tsofaffin ganguna da abokinsa ya bar masa. Maƙwabcin namu, Allah ya saka masa, ya ara mana makirufo takwas da miksa, da wani ɗan akwati mai kafa biyu da ke kai sauti cikin kwamfuta. Nan take ɗakin ya sami sunan situdiyo. Gaskiyar magana, mun yarda da shirin ne don wata bukata tamu, wadda ba ta shafi yaron ba ko kaɗan.

A Sabo, unguwar Hausawan Ibadan da aka kafa tun 1916, akwai wani dattijo makaɗin kalangu da muka sani tun zuwanmu garin. Mutumin ƙasar Katsina ne, ya biyo mahauta kudu yana saurayi, ya yi musu kiɗan fawa, ya yi wa 'yan dambensu kiɗa, ya tsufa a cikinsu. A kansa akwai taken mutane da dama, sarakunan fawa da fatake da 'yan dambe, waɗanda yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu ɗaya cikin 'ya'yansa da ya ɗauki kalangu. Ɗalibanmu sun san cewa kalangu magana yake yi. Makaɗi yakan matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, ya buga yana saki ya ba da faɗau. Wato karin sautin Hausa guda uku da muke zana musu a allo, ga su nan a jikin fata da ice. Shekara da shekaru muna cewa za mu ɗauki Baba, muna ɗagawa. Ga kayan aiki sun zo har gida, sai muka aika masa.

Ya zo a watan Yuli, ana tsakiyar damina, da kalangunsa da ɗan karɓi ɗaure a jiki, da wani yaro mai riƙe masa kuntuku. Sai da aka hura gawayi aka gasa fatar, don laimar kudu ta sa ta yi sanyi. Mu kuwa, ganin muna da makirufo takwas, muka ƙudura ba za mu bar ko ɗaya ya yi zaman banza ba. Hannu da yawa, in ji mu, maganin ƙazamar miya. Muka kafa ɗaya a bakin kalangu na gaba, ɗaya a na baya, ɗaya a ɗan karɓi, ɗaya a kuntuku, ɗaya a bakin Baba, biyu a sama, na takwas a kusurwar ɗaki. Kowanne mun matso da shi har yana neman taɓa fata, kamar yadda yaron ya ga ana yi a hotunan manyan situdiyo. Sannan muka roƙi dattijon da ya tsaya cik, kada ya juya, kada ya taka. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana kiɗa yana zagaya fage, muka tsayar da shi kamar mai jiran a ɗauke shi hoton fasfo. Ya yi haƙuri ya tsaya. Kusan awa uku yana kaɗawa, ya faɗi sunan mai take, ya buga, ya fassara da baki, ya wuce na gaba, har sai da muka ƙirga talatin da huɗu.

Da aka gama, aka kawo masa fura, muka kunna masa don ya ji. Ya saurari na farko, ya saurari na biyu, ya ajiye ludayi. Ya ce, “Dakta, wane ne wannan?” Muka ce, “Ai kai ne, Baba.” Ya girgiza kai ya ce, “Hannun dai nawa ne. Amma wannan kalangun bebe ne.” Mun so mu yi gardama, sai dai kunnenmu ya riga ya ba shi gaskiya. Ana jin saukar makaɗi a kan fata, tas, tas, tas, kamar ana sara ƙashi a mahauta. Muryar nan mai kauri da ke hawa da sauka, wadda ita ce maganar, ta sirance ta koma kamar daga cikin gwangwani take fitowa.

Sai daga baya, bayan karance-karance da tambayar masu sani, muka gane ɓarnar da muka yi. Sauti motsin iska ne, turi da ja, kamar tudu da kwari a jere. Kalangu baki biyu gare shi; idan makaɗi ya bugi fatar gaba ta lotsa ciki, ta baya waje take turowa. Saboda haka a daidai lokacin da makirufon gaba ke jin ja, na baya turi yake ji, kuma idan aka zuba su a mazubi ɗaya sai su cinye juna, musamman a sauti mai kauri. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan guda. Idan makirufo biyu suna sauraron ganga ɗaya, ɗaya ya fi ɗaya nisa da santimita 34, to na nesan zai makara da kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Abin kamar ba kome ba, amma ga sautin da ke karkarwa sau 500 a sakan, wannan makara rabin zango ce cif: tudun wannan ya faɗa kwarin wancan, su shafe. To, mu takwas muka kafa a ɗakin da bai wuce taku biyar ba, kowanne yana jin kowace ganga, kowanne a nasa lokacin, ga kuma bango huɗu na siminti suna mayar da amo. Da a ce kowane makirufo an ɗauke shi a layinsa daban, da gyara ya yiwu, don akwai maɓalli guda da ke juya turi ya koma ja. Amma akwatinmu kafa biyu gare shi, don haka miksa ta riga ta dama takwas ɗin wuri ɗaya kafin su shiga kwamfuta. Gishirin da ya narke a miya ba ya tsamuwa. Yaron da ke sanye da abin saurare a kunne bai lura ba, saboda ƙarar kalangun na gaske da ke gabansa ta rufe abin da na'ura ke ba shi.

Muka ce wa Baba ya dawo mako mai zuwa. Kafin makon ya zagayo ciwo ya kwantar da shi. Ana cikin haka majami'a ta bukaci kayanta, muka mayar, ɗaki ya koma daga ganguna sai kwamfuta.

Da aka koma aiki albashi ya fara shigowa, sai muka zauna da yaron a kan batun saye. Ya kawo jerin makirufo bakwai, muka duba aljihu muka ce huɗu, da akwati mai kafa huɗu, don kada a sake dama mana fura tun ba mu ɗanɗana ba. A nan ne zaɓi ya zama dole, kuma a nan ne, karo na farko, muka zauna a matsayin ɗalibi shi yana malami. Ya bayyana mana cewa makirufo, ko wane iri ne, yana da tantani kamar na kunne, bambancin yana ga yadda ake mayar da motsin tantanin ya zama lantarki. Akwai wanda ake kira dainamik, wanda aka liƙa wa tantaninsa naɗin siririyar waya a cikin maganaɗisu. Yana da ɗan nauyin ji, amma jarumi ne: ba ya bukatar wuta, ba ya tsoron ƙara, ko sanda ta same shi sai ya karkaɗe ya ci gaba. Akwai kuma kwandensa, wanda aka ƙirƙiro a Amurka tun 1916, mai tantani marar nauyi da ke shawagi a gaban wani faranti. Wannan yana jin har saukar numfashi, amma sai an tura masa wuta mai ƙarfin bolt 48 ta cikin wayarsa, tsarin da kamfanin Neumann na Jamus ya shigo da shi a 1966. Ga shi da shagwaɓa: laima tana sa shi tsatsa da kuka, don haka a garin nan sai an ajiye shi cikin akwati da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi. Kuma ba ya tace abin da zai ji. Janaretan maƙwabta, fankar silin, zakaran gidan baya, duk nasa ne.

Na farko da muka amince a saya shi ne Shure SM57, domin 'yar gangar nan mai zaga. Tun 1965 ake ƙera shi, ya daɗe farashinsa yana kai-komo kusa da dala ɗari, kuma tun zamanin Lyndon Johnson shi aka riƙa kafa wa shugabannin Amurka idan za su yi jawabi. Wani ya kai mu wani shago a Legas inda aka ce ana samunsa a kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsa. Yaron ya ɗauka ya jinjina a hannu, ya ce, “Abba, bai kai nauyi ba.” Muka ce masa nauyi ba shi ne murya ba, muka biya, muna ganin mun yi dabara. Da muka iso gida aka gwada, sai ga ƙara kamar ana yaga takarda. Jabu ne, har kwali da tambari an kwaikwaya. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Sai da muka sake tara kuɗi muka sayi na gaske, yaron kuwa bai ce ai na faɗa ba, wanda hakan ya fi mana zafi.

Domin babbar gangar ƙafa ana bukatar dainamik mai faɗin tantani, mai iya ɗaukar gurnanin da ke karkarwa sau hamsin zuwa ɗari a sakan. Muka sami AKG D112 na gwanjo, ƙirar Ostiriya da ta fito a 1986, mai siffar ƙwai, fentinsa duk ya ɗaɗɗaye amma lafiyarsa ƙalau. Ragowar kuɗin, wanda shi ne kaso mafi tsoka, yaron ya dage a zuba shi a kan tagwayen kwandensa 'yan sirara, masu kama da alƙalami. Mun ga kamar almubazzaranci ne, tunda su ba a jikin kowace ganga za a kafa su ba. Ya ce su ne za su ji gangunan gaba ɗaya, sauran biyun ƙarin gishiri ne kawai.

Hujjarsa wani Bature ne mai suna Glyn Johns, wanda ya ɗauki faifan farko na ƙungiyar Led Zeppelin a Landan a 1968. Tsarinsa mai sauƙi ne: makirufo ɗaya a sama, kimanin mita guda bisa 'yar ganga mai zaga, yana dubanta, na biyu a gefen dama na makaɗi, dab da gangar gefe, yana hango ta shi ma, na uku a gaban gangar ƙafa. Sharaɗin kawai shi ne biyun farko su kasance nisansu ɗaya daga tsakiyar 'yar gangar, domin bugunta ya iso musu a lokaci guda, kada a sake yin irin ta kalangun Baba. Ƙanen wannan mutum, Andy Johns, ya ma fi shi rowa. A waƙar ƙungiyar mai suna “When the Levee Breaks”, wadda ta fito a 1971, an ajiye gangunan John Bonham a zauren wani tsohon gida, aka rataya makirufo biyu kacal can sama a matattakala, kuma har gobe masu sana'ar suna neman irin wannan amo. Sai dai su suna da zaure mai tsawon rufi, mu kuwa muna da ɗakin yara.

Saboda haka sai da muka yi wa ɗakin aiki. Ɗaki ƙarami yana da sautukan da yake so, yakan kumbura su. Tsawon mita uku da rabi yana riƙe gurnanin da ke kusa da karkarwa 49 a sakan, faɗin mita uku kuma na kusa da 57, wato daidai mazaunin gangar ƙafa. Wani ya ba mu shawarar liƙa kiret ɗin ƙwai a bango. Wannan camfi ne, kwalin ya yi sirantar da ba zai tare kome ba. Abin da ya yi amfani shi ne tsofaffin katifu biyu da muka jingina a kusurwoyi, da kafet a ƙasa, da bargo mai kauri da muka ɗaure a ƙarƙashin silin. Bangon da ke fuskantar makaɗi kuwa, muka jera masa shiryayye cike da kundayen ɗalibai na shekara goma sha biyar, manya da ƙanana, wasu a ciki wasu a waje, don su wargaza amon. Muna ba marubutansu haƙuri idan suna karanta wannan, amma wasu daga cikin kundayen nan ba su taɓa yin aiki mai amfani kamar wannan ba.

Ranar gwaji uwargida ta ara mana tef ɗinta na ɗinki. Yaron ya zauna a kujerarsa, ya danne bakin tef a tsakiyar fata, mu kuma muka ja ɗaya bakin zuwa makirufon sama, sannan zuwa na gefe, muna matsarwa har suka zo daidai, santimita ɗari da goma kowanne. Ya buga, muka saurara. A karon farko gangunan suka fito kamar abu ɗaya mai dama da hagu, ana iya nuna inda kowace take da yatsa. Amma fayafayan tagulla sun yi yawa, sun rufe kome da shuuu. Muka ce a rage su a na'ura. Ya ce ba zai yiwu ba, kunne ɗaya ne ke jin su da gangunan. In ana so su ragu, shi ne zai rage hannu. A nan muka tuna da bambancin nan da muka ambata a baya. Tunda ƙungiya guda ce a hannun mutum ɗaya, to daidaita muryoyinta aikinsa ne, kamar yadda mai kuntuku ya san ba a gasa da kalangu. Mai kafa makirufo a kan kowace ganga yana ƙwace wannan aiki ne daga makaɗi ya miƙa wa mai murɗa maɓalli. Wani lokaci hakan yana da amfani, ba mu musa ba, musamman inda ɗaki ya yi kyau kuma kafofin akwati suka wadata. Ga mai ɗaki irin namu dai, yawan kunnuwa yawan rigima ne.

Wata biyu yaron ya yi yana koyon sassauta hannun dama. Ya riƙa sauraron Tony Allen, ɗan Legas ɗin nan da ya yi wa Fela kiɗa fiye da shekara goma, ya rasu a Faris a 2020, mutumin da ke taɓa ganguna kamar mai tsoron tayar da jariri amma gaɓoɓinsa huɗu kowace da zancen da take yi. Mukan zauna a bakin ƙofa da jan biro da takardun jarrabawa, muna ji yana maimaita gaɓa ɗaya sau arba'in, ya tsaya, ya saurari abin da ya ɗauka, ya yi tsaki, ya sake. Mun san wannan hali. Shi muke roƙon ɗalibanmu su yi wa rubutunsu, ba su yi.

Baba ya tashi daga ciwo, ya zo mana a Janairun 2023, hunturu ya busar da gari, fatar kalangu ta yi tsauri ba sai an gasa ba. Amma ya rame, kuma hannun hagu, wanda ke matse tsarkiya, ya rage ƙarfi. Ya leƙa ɗakin, ya ga katifu da bargo, ya ce shi ba zai sake shiga kabarin nan ba. Sa'an nan ya juya ga yaron, wanda yake kira abokin gaba saboda wasan jika da kaka, ya ce, “Kai, abokin gaba, waɗannan ƙarafan naka, a madadin wa suke?” Yaron ya ce, “A madadin mai saurare, Baba.” Ya ce, “To ka taɓa ganin mai take ya cusa kai a hammatar makaɗi? Can yake tsayawa, in hango shi, in kira shi.” Ya nuna wani wuri da haɓa, kamar taku huɗu daga gindin mangwaron da ke tsakar gida.

A wurin yaron ya kafa tagwayen nan a kan sanda ɗaya, daidai tsayin kan mutum, tsakaninsu santimita 17, sun buɗe da kusurwar digiri 110. Tsari ne da injiniyoyin gidan rediyon Faransa suka fitar wajen 1960, kuma tazarar ta yi kusa da wadda ke tsakanin kunnuwan ɗan Adam. Ya sa musu hular soso saboda iska, ya zura wayoyi ta taga. Sauran makirufo biyun, da muka sha wahalar saye, ko fito da su ba a yi ba. Lahadi ce da sassafe, akwai wuta, don haka babu janareta ko ɗaya da ke kuka a layin. Muka ce wa Baba ya taka yadda ya ga dama.

Ya fara. Ya juya, ya matsa gaba, ya ja da baya, yana duban sandar nan kamar wani basarake ne tsaye a wurin. Mun karɓi abin saurare muka sa a kunne, muka shiga ɗaki muka rufe ƙofa don kada mu sake yaudarar kanmu, kuma daga cikin wayar muka ji kalangu yana kiran sunan mutum, gaɓa-gaɓa, har da jan wasali. A take na shida zakaran gidan baya ya yi cara, ya shiga ciki, yana nan har yau. A na goma sha ɗaya sautin sama ya fara gazawa, yana hawa rabi ya dawo. Baba ya tsaya, ya sauke kalangu, ya yi ta murza damtsensa. Ya ce a bari sai wani jiƙon. Ba mu matsa ba.

Kafin ya tafi ya ce a nuna masa gangunan abokin gaba. Ya yarda ya shiga kabarin, ya zauna a kujera, ya taka feda, babbar ganga ta amsa, ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Kai kaɗai ka cinye abincin mutum huɗu, Allah ya isa tsakaninka da 'yan kuntuku.” Ya sa yaron ya kaɗa masa, ya saurara da kai a sunkuye, ya ce hannun damansa yana da ladabi. Muna tsaye a bakin ƙofa aka faɗi haka, kuma ba mu ɓoye jin daɗinmu ba.

Wani jiƙon bai zo ba. Bayan ƙaramar salla ta wannan shekarar 'ya'yansa suka zo suka mayar da shi gida. Take goma sha ɗaya muke da su masu magana. Sauran ashirin da uku suna cikin ɗaukar farko, inda ake jin muryarsa yana faɗin sunaye da fassara, kalangu kuwa yana ta sara ƙashi. Yanzu idan muka zo darasin take, mukan ɗauki lasifika zuwa aji, mu kunna, mu hana kowa rubutu sai an ji sau biyu. Jabun makirufon nan yana kan teburinmu na ofis, muna danne takardu da shi.

Kwanakin baya muka sami lambar ɗaya daga cikin 'ya'yansa, muka kira, aka kai masa waya. Bayan gaisuwa yaron ya kara wayar a bakin lasifika, ya riƙa kunna masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana faɗin mai shi tun kafin a kai rabi. Da aka zo na bakwai muka riga shi, muka karanto sunan da muka rubuta a jikin fayil. Ya ce, “A'a, Dakta. Wannan na ƙanensa ne, wanda ya yi dambe. Ba ka ji inda ya faɗi a ƙarshe ba? A sake kunnawa.” Aka sake, muka kasa kunne, sai ga faɗau ɗin a gaɓar ƙarshe, inda mu muka rubuta sautin ƙasa. Yaron ya jawo kwamfuta ya gyara sunan.